Ɗan Ƙarfen da Baba Ya Cire a Motar Umra

Tun da na dawo, duk malamar da ta gan ni a makarantarmu ta Mesaimeer, nan Doha, sai ta ce, "Hajara, ya Umra? Ina Zamzam ɗinmu?" Ku kuma ƙawayena na Kano kullum sai na tarar da saƙonku, wai in ba ku labarin lokacin da na fara ɗora ido a kan Ka'aba. Nakan ce alhamdulillahi, in sauya magana. Na gaji da sauya magana. Ga yadda aka yi nan, ku karanta ku huta da tambaya. Ba mu isa Makka ba.

Wasunku ba su san Baba ba. Shekara goma sha tara yana tuƙa iyalin wani Balarabe a Al Thumama, yana kwana a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gidan. Kafin nan ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Kano da Jos. Hausawan Doha duk Alhaji suke ce masa saboda furfurarsa, alhali ko Umra bai taɓa yi ba. Duk hutun da ya samu gida yake tafiya, yana cewa Makka ai ga ta nan kusa, sai baɗi. A bana zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka haye, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Aka tsayar da ranar da zai koma gida gaba ɗaya. Saura kwana goma sha biyu, kuma a farkon zafi, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta da rana.

Kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake yi wa aiki, ya ce zai yankar masa tikitin jirgi zuwa Jidda. Baba ya yi godiya, ya ƙi. Ya ce shi direba ne, shekara goma sha tara yana wuce allon da ke nuna hanyar Salwa, garin bakin iyaka da ake bi zuwa Makka, yana so ko sau ɗaya ya bi hanyar nan har inda ta ƙare. Sai ya roƙi a ara masa tsohuwar motar da ke bayan gida. Irin mai ɗaki a ciki ce, da gado, da ɗan murhu, da labulaye masu furanni da rana ta koɗar. Da ita mutanen gidan suke fita zaman sahara lokacin sanyi, kafin yaran su girma su raina ta. Shekara shida ba ta motsa ba. Da na leƙa cikinta sai na ga kamar ɗakin kakata ne aka sa wa tayoyi. Nan take na hango kaina ina dafa wa Baba shayi, yashi yana wucewa ta taga. Haka nake, ƙaramin abu ne ke sa ni mafarki.

Na ukunmu Kawu Seidu ne, aminin Baba, mutumin Zangon Kumasi, bakanike a wani gareji. Shi zai tuƙa. Kwana biyar ya yi a ƙarƙashin motar. Ya canza tiyo biyu da fambel, wato belin da ke juya fanka, ya zubar da jan ruwan tsatsa da ke cikin lagireto ya zuba wani kore. Wata yamma na same shi a ɗakin Baba ya ɗora tukunya a wuta, ya jefa wani ɗan ƙarfe mai sifirin a ciki, wanda bai cika tafin hannuna ba.

Na ce, "Kawu, yau miyar ƙarfe za mu sha?"

"Tamostat ne, ɗiyana. Ƙofan ruwa. Tsaya ki gani."

Da ruwan ya soma tafasa sai ƙarfen ya buɗe baki a hankali.

"Kin gani? In inji ya ɗau zafi, shi ke buɗe ma ruwa hanya ya je lagireto ya sha iska. Sabo ne, lafiyanshi ƙalau. Khalas, magana ya ƙare."

Baba yana kishingiɗe ya ce, "Kayan ƙasar ƙanƙara. Mu a Kano ranar da mota ta iso daga Kwatano ake cire shi a yar. Wa ke tare wa ruwa hanya a cikin wannan wutar?"

"Bakano, motan nan ba irin naku ba ne. Hanya biyu ne gare shi. In abin nan ya buɗe na lagireto, shi ne kuma ke rufe gajeren hanya. Ka cire shi, rabin ruwa zai bi gajere ya koma inji da zafinshi."

"Ɗan Gwanja, tun kana cin dokunun garinku da hannu biyu nake riƙe da sitiyari."

Suka yi dariya, ni ma na yi.

Ana gobe tafiya na je da hantsi in shirya masa kaya, sai na tarar ya buɗe gaban motar. Ya ce, "Uwata, riƙe mini bahon nan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na riƙe baho, koren ruwa ya zubo a ciki. Ya kwance noti biyu yana haki, yana tsayawa ya huta. Ya zaro ɗan ƙarfen nan, ya naɗe shi a tsumma, ya tura a aljihun jakar da haraminsa yake ciki. Ya mayar da ruwan, ya cike gurbin wanda ya zube da na famfo.

"Kada ki gaya wa Seidu, surutu zai yi. Motar nake tausaya wa."

Tun da ya kwanta ciwo ban ga fuskarsa ta washe kamar ranar ba, don hannunsa ya sake riƙe sifana. Na ce to.

Bayan sallar asuba muka tashi. An yi shawara ba tafiyar dare, saboda raƙuma da kuma idon Kawu. Kafin rana ta yi ƙarfi mun isa iyaka. Aka nuna mini ɗakin mata, inda wata ma'aikaciya ta ɗora yatsuna a kan na'ura. Na'urar ta ƙi ni har sau huɗu, don na sha lalle musamman saboda tafiyar. Ta goge mini yatsu ɗaya bayan ɗaya tana dariya a bayan niƙabi, har aka dace. Wanda ya duba motar kuma ya buɗe gwangwanin daddawar Baba ya kai hanci, ya rufe da sauri, ya tambaya ko magani ne. Baba ya ce masa eh, maganin kewar gida.

A layin fita ne allurar zafi ta fara ɗagawa. Kawu ya gangara gefe. Ya ce, "Mota ba shi ƙarya. In ya yi zafi a tsaye, tambayi fanka. In ya yi zafi a guje, tambayi ruwa." Ya naɗe takarda ya kusanta ta da fanka, fanka ta yayyaga ta, ya ce wannan ba shi da laifi. Ya jira inji ya huce, ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, ya ga robar murfin ta tsage. Yana da wani a akwatinsa, ya canza. Sai ya leƙa ciki.

"Ruwan nan ya yi fari-fari."

Baba ya ce, "Na ɗan ƙara na famfo."

"Na famfo ya fi saurin tafasa, Alhaji." Ya rufe murfin. Na ɗauka an gano ciwon, na koma ciki na ɗora shayi.

Daga Salwa zuwa Hufuf ba wata doguwar tafiya ba ce, amma sau uku muka tsaya. Yanzu a guje take zafi. Kawu ya tsuguna ya duba ƙasa ko akwai ɗigo, babu. Ya danna fambel da yatsa, a ɗaure yake. A tsayawa ta uku ina riƙe masa lema, ya taɓa tiyon sama ya janye hannu da sauri, ya bi fuskar lagireto da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, ya tsaya yana magana shi kaɗai.

"Inji na ci da wuta, lagireto ko bai ji ba. Kamar ruwa ba ya zuwa sosai. Da ba ni na dafa tamostat da hannuna ba, da na ce shi ne."

Na juya na dubi Baba. Yana zaune a bakin ƙofar motar yana kallon yashi. A nan na gane. Na so in faɗa. To amma ta yaya 'ya za ta buɗe baki a gaban aminin ubanta ta ce ubana ya ɓoye maka abu? A gidanmu ko sunan Baba ba a faɗa, in baƙo mai sunansa ya zo sai mu ce mai sunan Baba. Na ce wa kaina mutumin da ya shekara arba'in da mota ya fi ni sani. Na gyara riƙon lema.

Kawu ya yanke cewa tsatsar shekara shida ce ta toshe lagireto. Muka lallaɓa zuwa Hufuf da la'asar, ya sami wani gareji suka kwance shi za a wanke.

Masaukin da muka samu ɗakuna biyu ne da falo a saman wani shagon katifu. Mai karɓar baƙi ya daɗe yana gwada fasfona da na Baba kafin ya yarda 'yarsa ce ni. Ko zama ba mu yi ba matar mai gidan ta aiko da faranti na dabino kala uku, ba ta san mu ba, ba ta kuma tambayi daga ina muke ba. A gida da sai an gaisa an tambayi mutanen gida har kakanni kafin a kawo ruwa. Kawu ya sayo shinkafa da naman rago a babban tire. Aka shimfiɗa leda a ƙasa. Da aka gama ya ce al'adar nan ita ce a naɗe ledar da ragowar a zubar. Na kasa. Na kwashe a kwano, na ce gobe ɗumame. Baba bai ci ba, gishirin ya yi masa yawa, kunu na dama masa da ruwan butar shayi.

Bayan magariba Kawu ya koma gareji, muka rage ni da Baba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa ina matsa masa. Na yi ta juya maganar, sannan na ce, "Baba, ko a mayar da abin nan?"

"Tsatsa ce, ai kin ji da kunnenki. Ba don na cire shi ba da tun a Salwa ta ƙone."

"Kawu ya ce hanya biyu ce."

"Uwata." Bai ɗaga murya ba. "Ɗauko ɗan littafin nan ki biya mini abin da ake cewa in an ɗaura harami. Kada in je ina ta kame-kame a gaban mutane."

Na ɗauko. Ina faɗa yana maimaitawa, ya zaro haramin yana shafa shi ta cikin ledarsa. Fari ne tas, ko buɗe shi ba a yi ba. Ban sake tayar da zancen ba.

Ba a gama ɗaura lagireto ba sai wajen ƙarfe goma na safe. Kawu ya ce mu bari sai asubar gobe. Baba ya ƙirga sauran kwanakinsa da yatsu, ya ce ba shi da asubar da zai yar. Muka kama hanyar Riyad. Sa'a guda allura tana tsakiya, har Kawu ya fara tsokana, wai ya ga yadda Bakano zai yi ɗawafi ba tare da ya yi wa kowa hon ba. Yashi ya sauya daga fari zuwa ja. Ina kallonsa ta tagar baya ina jin kamar an shanya atamfa har ƙarshen duniya.

Sai allura ta tashi. Kawu ya kashe na'urar sanyi, ta ɗan sauka, ta sake tashi. Ya rage gudu. Can ya ce, "Ɗiyana, buɗe tagogi duka. Zan kunna hita."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya bayyana mini cewa hita ma ɗan ƙaramin lagireto ne, in an kunna shi yana janye zafin inji ya zubo mana a ciki. Wato sai dai mu sha zafin ko inji ya sha. Ya dubi Baba ta madubi.

"Alhaji, kai ba ka iya wannan. Mu tsaya."

"A tsaye ma wutar ce, Seidu. Yalla, mu tafi. In mun kai gidan mai ma huta."

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan zafin ba. Iskar da ke shigowa ta taga kamar an buɗe murfin tanda, wadda ke fitowa ta gaba kuma ta fi ta. Na jiƙa tawul na ɗora wa Baba a goshi, kafin in sake jiƙa wani ya bushe. Ba gari, ba bishiya, sai manyan motoci suna wuce mu. Leɓunansa suka yi toka-toka. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Amma idonsa yana kan gilashin gaba, bakinsa yana motsi da abin da muka biya jiya.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. Na ce, "Kawu, abin da ka dafa ba ya cikin motar. Baba ya cire shi. Ni na riƙe baho."

Kawu ya gangara gefen titi ya kashe inji. Muka ji ruwa yana tafasa a gaba kamar tukunyar biki. Na buɗe aljihun jaka na miƙa masa tsumman. Ya warware, ya daɗe yana kallon ƙarfen a tafinsa.

"Alhaji," ya ce.

Baba bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Uwata." Shi ke nan.

Na roƙi Kawu ya mayar da shi maza. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani tsohon tabo daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya ce wanda ya buɗe lagireto yana tafasa ne ya sami wannan, kuma in ya ƙone babu mai tuƙa mu. Dole a jira. Muka jira fiye da rabin sa'a, ina yi wa Baba fifita da murfin tukunya. Sannan ya tare ruwa, ya kwance noti biyun nan, ya mayar da ƙarfen, ya cika ruwa. Bai rufe murfin ba, ya tayar da inji ya tsaya yana leƙe.

Ruwan ya fara ɓulɓulowa da kumfa alhali bai yi zafi ba. Ya zagaya baya, na bi shi. Farin hayaƙi ne ke fita daga salansa, mai ƙanshin zaƙi-zaƙi. Ya dawo ya buɗe murfin baƙin mai ya juya shi. Abin da ke jiki kamar shayi mai madara.

"Gasket, shimfiɗan kan inji, ya ƙone. Ruwa ya shiga inji."

Na ce, "Kawu, da jiya ne fa?"

Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Allah bai nufa ba, ɗiyana." Da ma zagina ya yi.

Ina komawa ciki na tarar Baba ya zame daga kan gado, kansa ya jingina da murhu. Na ƙwala ihu. Ban san ko ihun ne ko hayaƙin ba, wata a-kori-kura ɗauke da tumaki ta ci birki a gabanmu. A hanyoyinmu na gida wa zai tsaya a daji irin wannan? Mutumin ya leƙo, bai tambayi komai ba, ya kama ƙafafun Baba, Kawu ya kama kafaɗu. Aka sa shi gaba inda sanyi yake, ni a gefensa, Kawu a baya cikin tumaki. Ya juya ya nufi Hufuf da gudun da ban taɓa gani ba. A ƙofar asibiti ya taya aka ɗora Baba a gado, kafin in juyo in yi godiya ya tafi. Har yau ban san sunansa ba.

Kwana huɗu Baba ya yi a asibitin. Likita ya ce zafin ya ƙara wa zuciyar rauni, maganar Makka babu ita, ko a mota ko a jirgi, cunkoson kawai zai iya ƙarasa shi. Tafiya ɗaya ya yarje masa, ta komawa gida. Ɗan kafil ɗinsa, wanda Baba ya riƙa kai wa makaranta tun yana ƙarami, shi ya zo ya ɗauke mu. Motar an ja ta zuwa garejin nan, can muka bar ta da labulayenta. A iyaka wannan karon na'ura ta karɓi yatsuna tashi ɗaya, lallen ya koɗe.

Ranar tafiyarsa a keken marasa lafiya muka tura shi cikin filin jirgin Hamad. Wani Bakatsine mai gadi da ya san shi ya taho da murna.

"Alhaji! An dawo lafiya? Allah ya karɓa."

Da ni ce, da alhamdulillahi zan ce. Baba ya ce, "Ba mu isa ba, ɗana. Ni na ɓata motar."

Kawu ya kau da kai yana gyara igiyar jaka. A inda aka hana mu wucewa Baba ya riƙe hannuna, ya ce, "Ba ke kika cire ba." Ya ce haramin yana cikin jaka, kuma ya riga ya gaya wa Innarmu ta waya amfanin da za a yi da shi in lokaci ya yi.

Yanzu yana Kano, ba ya fita ko zaure. Inna ta ce ya sa an ɗora haramin a saman durowa inda yake iya hango shi daga kan gado. Kawu yana kirana duk Juma'a ya tambayi jikinsa. Su biyun suna gaisawa, amma Inna ta ce ba ta ƙara jin an ce Bakano ko Ɗan Gwanja ba.

Kafin a ja motar Kawu ya sake kwance ɗan ƙarfen, ya ce sabo ne, bai kamata ya ruɓe da ita ba. A jakata ya ƙare, ban san yadda aka yi ba. Satin da ya wuce na gan shi ina neman wani abu. Na ɗora tukunya a ɗakin girkinmu na malamai, na jefa shi ciki, na tsaya a kansa. Ruwa ya yi ɗumi, yana rufe. Ya fara tsuwa, yana rufe. Yana soma tafasa sai ya buɗe baki a hankali, daidai lokacin da ya kamata. Lafiyarsa ƙalau. Na kashe wuta na zauna a ƙasa, har abokiyar zamana ta shigo ta tambaye ni me nake dafawa.